Ɗan Ƙwallo a Ƙetare: Falke Ne Ko Ɗan Ci-rani?

Bahaushe ya daɗe da sanin tafiya, kuma ya ba kowane irin matafiyi sunansa. Akwai falke, wanda yakan bi ayari ƙarƙashin madugu ya nufi Gwanja neman goro. Akwai ɗan ci-rani, wanda yakan bar gida da zarar an kawar da amfanin gona, ya dawo da faɗuwar ruwan shuka. Akwai kuma ɗan yawon duniya, wanda ba a san ranar dawowarsa ba, kuma ba a ɗaukarsa da daraja. Tambayar da ta daɗe tana damuna ita ce, a cikin waɗannan ukun, ina za mu ajiye ɗan ƙwallon ƙafa wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana sauya ƙungiya daga wannan ƙasa zuwa waccan?

Abin da ya jawo ni ga wannan tunani shi ne rayuwar Haruna Babangida, wanda aka haifa a Kaduna a 1982. Ƙane ne ga Tijjani Babangida, wanda ya ci zinare tare da Nijeriya a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, ya kuma buga wa ƙungiyar Ajax ta ƙasar Holan. Haruna ya shiga makarantar horar da yara ta Barcelona tun yana ƙarami ƙwarai, har ma a 1998 kociya Louis van Gaal ya sa shi cikin manya a wasan share fage yana ɗan shekara 15. A wancan gida ne irin su Xavi da Carles Puyol suka tashi, suka kuma zama ginshiƙan ƙungiyar shekara da shekaru.

Shi kuwa Haruna hanyarsa daban ta ɓulle. An ba da aronsa ga Terrassa, sannan ga Cadiz, duk a Sifen. A 2004 ya koma Metalurh Donetsk ta Yukiren, daga nan sai Olympiacos ta Girka, inda ya ci kofin ƙasar ya kuma taɓa gasar zakarun Turai. Bayan haka sai Apollon ta tsibirin Saifurus, sai Kuban ta Rasha, sai Mainz ta Jamus, sai Vitesse ta Holan, sai Kapfenberg ta Ostiriya, daga ƙarshe sai Mosta ta tsibirin Malta. Idan mai karatu ya lissafa zai ga ƙasashe 9 ke nan, kowace da abincinta da irin sanyinta.

A duk lokacin da aka ambaci sunansa a ɗakin kallon ƙwallo na ɗalibai, hukunci ɗaya nakan ji, wato wai yaro ne da ya yi asarar baiwarsa. Ni dai ban gamsu da wannan hukunci ba, kuma dalilina daga gidanmu na samo shi. Baffana ya yi shekaru masu yawa yana zuwa ci-rani Kurmi. Ya yi ga-ruwa, ya yi gadi, ya yi dako, bai taɓa zama wuri ɗaya rani biyu a jere ba. Babu wanda ya san sunansa a waɗannan garuruwa, amma da kuɗin da ya riƙa kawowa aka sayi shanun noma, aka aurar da ƙannensa mata, aka sa ni makaranta. Ban taɓa jin wani a garinmu ya ce baffa ya yi asara don bai zama attajiri a Ikko ba. To, me ya sa muke auna ɗan ƙwallo da mudun da ba mu auna baffa da shi ba?

Ya kamata mu lura da yadda wannan sana'a take tafiya. Ɗan ƙwallo yakan sa hannu a yarjejeniya ta shekara ɗaya zuwa biyar, amma zamansa ya dogara ga ra'ayin kociya, shi kuma kociya ana iya korarsa a tsakiyar kakar wasa. Wanda ya maye gurbinsa yakan zo da nasa mutanen. Bugu da ƙari, tun daga hukuncin Bosman na 1995, ɗan wasan Tarayyar Turai yana iya ƙaura cikin ƙasashenta babu ƙaidi, alhali ƙasashe da yawa sun ci gaba da ƙayyade yawan baƙin da suka fito daga wajenta. Saboda haka ɗan Afirka yakan yi kokawa da 'yan Barazil da Ajantina a kan 'yan gurabe kaɗan. Ga kuma dillalai, waɗanda la'adarsu takan fito ne a lokacin ciniki, don haka zaman ɗan wasa wuri ɗaya ba shi ne ribarsu ba. Hatsarin kwasar yara ƙanana zuwa ƙetare shi ya sa a 2001 hukumar FIFA ta hana cinikin ɗan ƙasa da shekara 18 tsakanin ƙasashe, sai bisa wasu sharuɗɗa kaɗan.

Idan aka dubi wannan, za a ga ɗan ƙwallo ya ɗauko wani abu daga falke, domin yana da zango, yana da dillali, yana da haja. Sai dai hajarsa ƙafafunsa ne, kuma haja ce mai saurin lalacewa fiye da goro. Falke yana iya fatauci har gemunsa ya yi fari, amma ɗan ƙwallo da wuya ya wuce shekara 35 ana neman sa. Ya kuma ɗauko wani abu daga ɗan ci-rani, domin neman abin kai wa gida ne ya fitar da shi. Bambancin kawai shi ne, raninsa guda ɗaya ne tak, mai tsawon shekara goma sha biyar ko makamancin haka, idan ya wuce ba ya sake zagayowa. Wanda ya san haka, in an ajiye shi a benci a babbar ƙungiya, kuma ƙaramar ƙungiya ta wata ƙasa ta yi masa tayi, wauta ce ya tsaya jiran suna. Hausawa sun ce zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Ba na musun cewa tafiyar tana da tsada. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mutumin da ya yi azumi a Donetsk, ya yi salla a Krasnodar, nesa da dangi, ya biya wani farashi da ba ya fitowa a jadawalin ƙwallayen da ya ci. Haka kuma 'yan kallo ba su cika riƙe sunan wanda ya zauna da su shekara ɗaya ba, don baƙo raɓa ne. Wannan rashin gindin zama shi ne ainihin abin tausayi, a ganina, fiye da rashin zama tauraro.

Mu ɗaliban Hausa wannan batu ya shafe mu kai tsaye. Adabinmu na baka cike yake da labaran fatake da kirarin madugai, amma har yanzu ba mu tsaya mun rubuta tarihin waɗannan sababbin matafiya ba, irin su Haruna da Garba Lawal, shi ma ɗan Kaduna, wanda ya buga a Tunisiya da Holan da Bulgeriya. Da yawansu suna raye, kuma da Hausa suke magana. Ina ganin ya dace wani daga cikinmu ya ɗauki rikoda ya je ya ji daga bakinsu, ya mai da shi kundin digirinsa, tun kafin labarin ya bi sawun na madugan Gwanja da ba mu san sunayen yawancinsu ba.