Ciwon da ke kan Salman Khan da likitan finafinanmu

A watan Yuni na 2025, jarumi Salman Khan ya baƙunci shirin barkwanci na Kapil Sharma da ake nunawa a Netflix. Ana cikin raha sai ya saki maganar da ta tsinka zukatan masoyansa, inda ya ce yana ci gaba da aiki ne da larurori uku a kansa: ciwon jijiyar fuska mai azabar zafi, kumburin wata jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, da kuma abin da likitoci ke kira AVM a taƙaice. Kowa ya yi ta "Allah sarki," amma da ka tambayi mene ne AVM ɗin, sai ka ji tsit. Ni kuwa na san shi, don ya taɓa shigo mana gida, shi ya sa na jingine sharhin fim na wannan watan.

Mai karatu, ka san yadda muke yi a fim da littafi. Jaruma ta dafe kai, ta yanke jiki ta faɗi, a saki kiɗan tausayi. Likita ya fito, ya zare gilashi, ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, sai haƙuri, ciwon ƙwaƙwalwa ne, sai an fita da ita waje." A nuno jirgi ya ɗaga. Ta dawo da bandeji a goshi, a tafi waƙa. In kuma faɗuwar da shure-shure ce, to shi kenan, kishiya ce ta yi jifa.

To ga abin da likitan fim ba ya faɗa. Jini na fitowa daga zuciya da ƙarfin gaske ta manyan jijiyoyi, ya ratsa wasu ƙanana da suka fi gashi siranta, a nan ƙarfinsa ke karyewa, kafin ya shiga jijiyoyi masu laushin bango da ke mayar da shi zuciya. A kan mai AVM akwai wurin da babu waɗannan ƙananan, sai wani curin jijiyoyi da suka harɗe kamar zare. Kamar dai a jawo wuta daga babban layin lantarki zuwa cikin ɗaki ba tiransifoma a tsakani. Wata rana waya za ta iya ƙonewa. Galibi da shi ake haihuwar mutum, ba kuma ɗaukarsa ake yi ba. Kusan rabin masu shi ba sa sanin yana nan sai ranar da ya fashe jini ya zuba a ƙwaƙwalwa. Wasu farfaɗiya ce ke tona shi, wasu ciwon kai.

Ɗan baffana, ƙanena, tela ne, yana da shekara 19 ya fara faɗuwa. Sama da shekara guda ana hayaƙi da jiƙe-jiƙe. In ya faɗi a shago a watse a bar shi, wai kada yawunsa ya taɓa mutum. Mai ƙarfin hali shi ne zai cusa masa cokali a baki. Sai da wani likita a asibitin koyarwa ya dage a yi masa hoton MRI sannan aka ga curin, bai kai girman goro ba, a gaban kai ta hannun dama.

Hotunan hawa-hawa ne. Na CT shi ake fara yi in ana zargin jini ya zuba, don cikin 'yan mintuna yake nunawa. MRI kan nuna curin da inda ya zauna. Amma alƙalin su duka shi ne anjiyogiram: a zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi ko ta wuyan hannu har zuwa wuya, a tura wani ruwa mai fitowa a hoto, a riƙa ɗauka ana ganin inda jini ke shiga curin da inda yake fita. Wani likita ɗan Fotugal, Egas Moniz, ya fara wannan hoto a 1927. Da shi ake auna haɗarin aiki, bisa ma'aunin da likitoci biyu, Spetzler da Martin, suka fitar a 1986, daga mataki na 1 zuwa na 5. Abu uku ake dubawa: girman curin, ko yana kusa da wurin magana, gani ko motsi, da kuma ko jininsa na fita ne ta can ƙuryar ƙwaƙwalwa.

Hanyoyin magani uku ne, wani lokacin a haɗa biyu. Ta farko tiyata: a ɗaga ƙashin kai, likita na duba madubin ƙara girma, ya bi jijiyoyin da ke ciyar da curin yana toshe su ɗaya bayan ɗaya. Jijiyar da ke fitar da jinin ita ce ta ƙarshen yankewa. In aka riga aka datse ta, jini na shiga ba ya fita, curin ya kumbura ya fashe a hannun likita. Ta biyu, a bi ta bututun nan a ɗura wani irin gam ya toshe jijiyoyin. Ta uku, a auna curin da haskoki masu yawa da za su haɗu a wuri guda, ba yanka, irin na'urar da Lars Leksell ya ƙera a Siwidin a 1968. Sai dai wannan kan ɗauki shekara 2 zuwa 3 kafin curin ya rufe, kuma a tsakani yana iya fashewa.

A nan fa labarin yake, jama'a. Yaro ne yana tafiya da ƙafarsa, yana ɗinki, curinsa bai taɓa fashewa ba. In an bar shi, haɗarin fashewa kamar kashi 2 zuwa 4 ne cikin 100 a kowace shekara, ga shi kuma shekarun na gabansa da yawa. In an taɓa, yana iya tashi da shanyewar hannu, ko ma kada ya tashi. Su kansu likitocin ba bakinsu ɗaya ba. Wani bincike mai suna ARUBA da aka buga a 2014, kan mutum 223 da nasu bai fashe ba, ya nuna waɗanda aka bari a kan magani kawai sun fi samun lafiya a 'yan shekarun da aka bi su, wasu masana kuma suka ce lokacin ya yi kaɗan, kuma ƙalilan ne aka yi wa tiyata a cikinsu.

Baffa ya gama saurare, ya ce, "Likita, in da ɗanka ne, ya za ka yi?" Likitan ya yi jim, ya ce, "Baba, nasa ƙarami ne, yana sama-sama, nesa da wurin magana, ga shi yaro. Ni da cirewa zan yi. Amma ba zan ce maka babu haɗari ba." Kwana goma gidanmu ba barci. Mahaifiyarsa ta ce ba ta yarda a buɗe kan ɗanta yana lafiyarsa ba. Shi da kansa ya raba gardamar, ya ce ya gaji da kwana da fargaba. An sayar da fili, an fita wajen kuwa, an yi aikin, hoton da aka sake yi ya nuna curin babu saura. Ya koma kan kekensa, yana kuma shan maganin farfaɗiyarsa.

Yanzu don Allah, furodusa, marubuciya, wace rigimar kishiya ce ta kai waɗannan kwana goman ɗaukar hankali? Amurkawa sun gane haka: a shirin Six Feet Under da aka yi daga 2001 zuwa 2005, wannan ciwon suka ɗora wa babban jaruminsu, suka bi shi da tsoronsa da ɓoye-ɓoyensa har ƙarshe. Mu kuwa daidai wurin da labari ya nuna muke yankewa mu nuno jirgi.

Kuma abin ya wuce batun daɗin kallo. Wadda ba ta taɓa zama da likitan ƙwaƙwalwa ba ta kalli ɗaruruwan finafinanmu, abin da ta gani shi za ta yi ranar da ɗanta ya faɗi. Sin ɗaya ya isa: a kwantar da mai farfaɗiya ta gefe, kada a sa masa komai a baki, kada a guje shi. Ciwon kai na farat ɗaya da mutum bai taɓa jin irinsa ba, da amai, ko harɗewar harshe, ko mutuwar ɓarin jiki, a nuno an ruga asibitin da ke da hoton kai a lokacin. Kuɗin shayin da za ka sai wa likita ya duba maka labarinka bai kai na hayar motar da jarumi zai hau ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa masu alƙalami su ji.