Ranar da taswira ta hau teburinmu

Lokacin da nake karatu a Ingila, daren Juma'a na wasan Dungeons & Dragons ne. A kicin ɗin gidan ɗalibai muke haɗuwa. Mutum ɗaya ke jan labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda yana magana da bakinsa, in abu ya zo da shakka a jefa ɗan ludo mai fuska 20 ya raba gardama.

Da farko baki kawai muke da shi. Mai labari zai ce mun shiga kogo, dodanni na can ƙurya, kowa ya gina kogon a ransa kamar yadda muke yi da tatsuniyar kaka. To, kogon kowa daban ne. Da faɗa ya kaure sai musu: wannan ya rantse yana bayan dutse, wancan ya ce ai kibiyarsa ta isa.

Wani daga cikinmu ne ya gaji ya sayo shimfiɗar leda mai gidaje-gidaje, kowane gida inci 1, a wasa kuma ƙafa 5 ke nan. Da alƙalamin maka ake zana bango, a goge da jiƙaƙƙen tsumma. 'Yan mutum-mutumin da ake sayarwa sun fi ƙarfin aljihun ɗalibi, don haka marfin kwalba ya zama jarumina, kwabbai suka zama dodanni, sarkinsu kuwa kwalbar barkono. Har yau in na ga irin kwalbar sai na yi dariya.

Ashe asalinsa wasan ya koma. Gary Gygax da Dave Arneson sun fitar da shi a 1974, amma tushensa Chainmail ne na 1971, wasan yaƙi da 'yan sojoji a kan tebur. Mu bugun 3.5 na 2003 muke bi, wanda ya ƙididdige komai: mutum na tafiyar gida 6 a zagaye ɗaya, gida na biyu a karkace ƙafa 10 ake lissafa shi, wanda ya gifta ta gefen abokin gaba kuma ya sha sara kyauta.

Musu ya mutu, wannan gaskiya ne. Amma kawuna suka sunkuya. Wanda a da zai ce zai kama igiyar fitila ya dira a wuyan dodo, yanzu yatsa yake bi yana ƙirga gidaje. Faɗan da muke gamawa kafin shayi ya huce ya koma cin rabin dare.

Bugu na 4 na 2008 ya ƙara ɗaure wasan da gidajen, sai na 5 a 2014 ya mayar da su ganin dama. Ina bayan na 5. In faɗan babba ne, mutane da yawa, ga gada ga rami, a shimfiɗa taswira. In ɓarayi biyu ne a lungu, a bar mai labari ya yi aikinsa.