Masallacin Ƙasa Na Garin Yama

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili in ba 'yan'uwa masu karatu labarin wani gini da na gani a ƙasar Adar, cikin jihar Tawa ta Nijar.

Garin ana kiransa Yama. Ƙaramin gari ne na manoma, amma tun daga nesa matafiyi yake hango hasumiya huɗu sun ɗara rufin gari duka. Masallacin Juma'arsu ke nan, da tubalin ƙasa aka gina shi. A 1962 dattawan gari suka ɗora wa wani magini nasu, Falke Barmu, wannan aiki. Shi ma manomi ne kamar kowa. Jama'a suka taru, masu buga tubali na bugawa, masu ɗebo ruwa na ɗebowa, wasu suka kawo itace. Da farko ɗaki ne mai kusurwa huɗu a kan ginshiƙai, ba wani ado.

A 1975 rufin ya bukaci gyara. To, nan ne gwanin ya nuna hannunsa. Ya ɗaura bakan gizo, ya tayar da tulluwa a tsakiya, sa'an nan ya bi kusurwoyi yana gina hasumiya ɗaya bayan ɗaya, har 1982. Abin da ya tsayar da ni na daɗe ina kallo shi ne, ba wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. Kowace da tsayinta da irin zanenta, sai ka ce 'ya'yan mutum ɗaya, kowa da kamanninsa. Na shiga ciki da rana tsaka, zafi kamar wuta a waje, na tarar da sanyi kamar an yayyafa ruwa. A 1986 aka ba ginin lambar girma ta Aga Khan, wadda ake ba gine-gine na ƙwarai a ƙasashen Musulmi.

Dalilin rubutuna, Edita, shi ne a garinmu an rushe tsohon masallacin da kakanninmu suka gina, wai ginin ƙasa ƙauyanci ne, aka yi na siminti da rufin kwano. Yanzu da bazara sai a fito waje a yi sahu a inuwar bishiya. Na san ginin ƙasa yana da wahala, dole a bi shi da yaɓe bayan damina. Amma mutanen Dandaji, a jihar Tawa ɗin nan, da suka yi sabon masallaci a 2018, sai suka gyara tsohon suka mai da shi ɗakin karatu.

Ina roƙon sarakuna da hakimai, kafin a sa gatari a jikin tsohon soro, a kira tsofaffin magina tukuna a ji ta bakinsu.

Naka,
Wani Malamin Makaranta.