Kwana tara na rubutu, kwana goma sha biyu a Sakkwato



Ya ƴan'uwa, da yawa cikinku sun tambayi na'ibi ina na shiga har Juma'a biyu ba a gan ni bisa mumbari ba. Wasu sun ce Umra na tafi a ɓoye. Sakkwato na tafi, kuma ba ziyarar Hubbare ta kai ni ba. Na yi kwana goma sha biyu ina aikin sa kai a asibitin yara masu ciwon noma, daidai lokacin da ayarin likitocin fiɗa daga ƙasashen waje ya sauka can. Dalilin tafiyar yana da nauyi a harshena, amma ɓoye shi ya fi nauyi.

Shekara biyu da suka wuce, tsakiyar damina, wata tsohuwa daga wani ƙauye arewa da mu ta shigo zaurena da jikarta a goye, ƴar shekara huɗu, ba ta daɗe da tashi daga ƙyanda ba. Bakin yarinyar na wari, dasashinta na jini, kunci ɗaya ya kumbura. Ta ce, "Allah gafarta Malam, iska ce ta taɓa ta." Na ce, "Inna, Allah ne mai warkarwa." Na rubuta allo na wanke, na yi tofi, na ce su dawo bayan kwana uku. Suka dawo, na ƙara. Ranar ta tara, da aka yaye zanen da ke fuskarta, baƙin tabon da ke kuncin ya huje, ina ganin haƙoranta ta waje. Sai a ranar na ce a kai ta gidan likita.

Ban zo in rushe ruƙya ba. Tana da asali, kuma har gobe ina yi. Laifina shi ne na tsaya a kanta, na riƙe marar lafiya a kan abin da ba ni da ilminsa. Da tsohuwar ta tambaye ni rabon gado mai wuya, da na ce ta dakata in duba littafi. Da ta kawo mini rai, ban ce mata komai ya fi ƙarfina ba.

Ga abin da na sani yanzu. Noma, wanda mutanenmu ke kira ciwon iska, yana kama yara galibi daga shekara 2 zuwa 6, waɗanda tamowa ta raunana, musamman bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Ƙaramin gyambo ne a dasashi, cikin ƴan kwanaki ya ci kunci da leɓe, har ƙashi. Wanda ba a yi wa magani ba, cikin goma kusan tara ba sa tashi. Amma in an kama shi da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da shi. Ba a ɗaukarsa daga wani. A watan Disamba na 2023 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bayan roƙon da Nijeriya ta jagoranta.

Yarinyar ta rayu, sai dai da rami a kunci da muƙamuƙi a kulle; kunu kaɗai ke wucewa, rabi ya zubo. Aka ce sai ciwon ya warke sarai ta yi ƙarfi kafin a yi mata aiki. Da lokacin ya yi, ubanta ya noƙe. Wani ya gaya masa gyaran fuska canja halittar Allah ne. Ya zo mini da tambayar, a zauren nan dai. Na kawo masa labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, Annabi (SAW) ya umarce shi da ya sa na zinariya, alhali zinariya haramun ce ga maza. Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i duk sun ruwaito shi. Mayar da gaɓa yadda Allah ya halicce ta magani ne. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Allah gafarta, in za ka bi mu, na yarda." Ban ga fuskar da zan ƙi da ita ba.

Muka bi ta Ƙonni, muka ƙetara Illela. An buɗe asibitin a 1999, ƙungiyar MSF kuma tana tallafa masa tun 2014, kuma ba a karɓi ko dala a hannunmu ba. Na yi niyyar kwana biyu. Wani ma'aikacin jinya da ya ji abin da na gaya wa uban yarinyar ya ce akwai iyaye masu irin wannan shakkar, ko zan zauna da su? Haka na zama ɗan aike. Ina zama da uban da aka miƙa wa takardar amincewa yana jin kamar takardar mutuwar ɗansa zai dangwala wa hannu. Ina jan salla, ina ɗauko ruwa, ina riƙe hannun yaro har ƙofar ɗakin tiyata, inda iyakata take. Rawani bai hana ni ɗaukar tasa ba, kuma ban mutu ba.

Aikin yarinyar ya ci kusan yini. Da yake bakin ba ya buɗuwa, ta hanci aka zura mata bututun numfashi. Aka saki muƙamuƙin, aka juyo fata daga ƙarƙashin haɓarta aka rufe ramin. Likitar da ta jagoranci aikin Baturiya ce mai furfura, an ce hutunta na shekara ta yanka ta zo. Da yamma, tana duba takardun yarinyar, ta tambaya ta bakin tafinta: wa aka fara kai wa ita, kuma kwana nawa aka yi kafin likita? Uban ya dube ni, ya sunkuyar da kai don ya rufa mini asiri. Na ce wa tafintan, "Gaya mata ni ne, kuma kwana tara." Ba ta ce komai ba, ta rubuta. Na yi shekara talatin ina amsa tambayoyin mutane, ban taɓa jin wadda ta yi mini nauyi kamar wannan ba.

A daren na tuna kukan Imamu Gazali cikin Ihya. Ya lissafa likitanci cikin farillan kifaya, ya yi mamakin garuruwan Musulmi da ba su da likita sai wanda ba Musulmi ba, alhali kowa na rige-rige zuwa ga fiƙihu da jayayya. Na karantar da wannan babi sau da yawa, ina ɗauka da mutanen Bagadaza yake. Kuma a garin da nake kwance, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki, ya yi wallafe-wallafe a kan magunguna, har da ciwon ido. Mu da ke kiran kanmu magadansu, me muka riƙe daga wannan ɓangaren?

Kada a ɗauka baƙi ne kaɗai ke aikin. Masu jinya, masu dafa abinci, masu bin ƙauyuka neman marasa lafiya, da likitoci ƴan ƙasa, su ne ke nan shekara duka. Baƙin sun zo sun yi abin da hannunsu ya ƙware a kai, Allah ya saka musu, suka hau jirgi. Abin da ya rage bayansu shi ne ƴan katakai siri-siri, irin waɗanda likita ke danne harshe da su, da ake jerawa tsakanin haƙoran yarinyar kullum don kada muƙamuƙin ya sake kullewa. Tana kuka, ana ƙarawa, wata da watanni. Wannan kakarta ce za ta yi. Haka kuma babu likitan da zai taso daga Turai ya buɗa bakin yaro a ƙauye cikin watan Agusta. Wanda ake fara kawo wa yaron, a wurare da yawa, ni ne da ire-irena.

Don haka na roƙi malaman allo da limaman unguwanni mu haɗu bayan La'asar ranar Asabar, wani ma'aikacin CSI ya yarda zai nuna mana alamomin. Kafin nan, duk yaron da aka kawo muku da warin baki, jinin dasashi ko kumburin kunci, ku yi masa addu'a a tsaye, ku tura shi likita a ranar. In babu kuɗin mota, a ɗauka daga asusun masallaci, ni zan amsa a gaban kwamiti. Ƴan'uwanmu na gabas su sani akwai cibiyar Sentinelles a Damagaram da ke kula da masu wannan ciwo tun 1992. Wanda kuma ya san babba ko yaro da ake ɓoyewa a ɗaki saboda fuskarsa, ya gaya mini a asirce.

Yarinyar tana da sauran aiki ɗaya a gefen leɓe. Jiya ubanta ya aiko cewa ta ci tuwo da hannunta, katakan sun kai takwas. Muna neman mutum biyu da za su raka su in an kira su, ɗaya mace.