Masauki Ɗaya, Ƙauyuka Uku

Kafin mu bar Kumasi zuwa ƙauyukan bakin teku da ke yamma da Takoradi, gardama ta kaure a tsakaninmu: mu riƙa kwana a kowane ƙauye, ko mu kama masauki ɗaya? Kuɗinmu kaɗan ne, jakunkunanmu kuma da nauyi. Malaminmu ya raba gardamar, ya zaɓi Busua, domin ita ce a tsakiya. Dixcove na yamma, Butre na gabas, kuma duk a ƙafa ake zuwa. Tun saura mako biyu muka kama ɗakuna biyu, na maza da na mata, bayan mun tabbatar akwai ruwa da wurin salla.

Hanyar Butre ce ta fi buƙatar shiri. Wani sashenta a kan rairayi yake, idan teku ya ciko sai ya matse hanyar. Lokacin janyewar ruwa kuwa yana sauyawa kullum, shi ya sa tun da daddare muka tambayi masunta. Muka fita da ruwan sha da hula, kowa da abokin tafiyarsa, babu mai shiga ruwa. A Butre muka hau tudu zuwa ganuwar Batenstein da mutanen Holan suka gina a 1656. Washegari muka je ganuwar Turawan Ingila ta Dixcove, inda aka taɓa tsare bayi.

In za ku je, ku fara samun wurin kwana, sannan ku nemi masunta kafin ku sa lokacin fita.