Daga Bakin Kusugu Zuwa Gindin Gurara

Mu mutanen Daura da igiya muka san ruwa. Tun a labarin asalinmu haka abin yake: ga rijiyar Kusugu, ga macijin nan Sarki da ya hana ɗiba sai ranar Juma'a, ga baƙon da ya sauka cikin dare ya nemi aron guga. Duk wanda ya taɓa kai baƙo Kusugu ya san yadda ake yi: a leƙa, a zura guga, a jawo, a kurɓa. Ruwa a wurinmu abu ne da ke can ƙasa cikin duhu, sai an lallashe shi yake hawowa. Ko yau da aka sami burtsatse da 'yan garuwa, da jarka muke auna shi.

A watan Fabrairun da ya wuce ɗaurin aure ya kai ni Suleja tare da ɗana mai shekara 14. Yaron ya daɗe yana nuna mini hotunan bidiyo a waya, na masu yawon buɗe ido a tsibirin Bali suna tsunduma a gindin magangarar ruwa, yana tambaya ko akwai irin wannan a ƙasarmu. Mai masaukinmu da ya ji, sai ya yi dariya, ya ce gobe da hantsi mu shirya.

Magangarar ruwan Gurara tana cikin Jihar Neja, a ƙasar Gwarawa. Ana ratsewa ne daga hanyar Suleja zuwa Minna a daidai ƙauyen Bonu. Kunne ke fara isa kafin ido. Tun muna cikin itatuwa na ji wani rugugi kamar na hadarin da ya ƙi saukowa. Da muka ɓullo, sai ga kogi guda yana faɗowa daga tudun da ya kai kimanin mita 30. Da damina, faɗin ruwan kan kai wajen mita 200, ya yi ja, ya haɗiye duwatsun baki ɗaya, kuma a lokacin babu mai hankalin da zai kusance shi. Mu da rani muka je, ya rarrabu gida-gida, fari fat a kan baƙin dutse, ya taru a gindi ya zama gurbi mai sanyi. A can sama, cikin Jihar Kaduna, an datse kogin ana tura ruwansa ta bututu zuwa Abuja, amma abin da ya rage ɗin ma, na tsaya ina lissafin kura nawa ta 'yan garuwa ke zubewa kafin in ƙifta ido. Wannan lissafi kaɗai ya isa a gane daga ina na fito.

Samarin ƙauyen suna ta iyo a gefen da ruwa ya lafa. Ɗana ya fara cire takalmi. Na daka masa tsawa.

Ya dube ni, ya ce, "Baba, kai ka iya?"

Ban iya ba. Na haura shekara hamsin, na yi karatu, na ga garuruwa, amma da a ce santsi ya ja yaron nan ya faɗa gurbin, iyakacin abin da zan yi masa shi ne ihu.

Kuma na taɓa yin ihun. Ina da shekara goma, cikin marka, muka sulale mu huɗu zuwa wani kududdufi a bayan unguwarmu, irin ramin da ake haƙar ƙasar gini a bar shi buɗe. Ɗayanmu ya taka inda ramin ya zurma. Bai yi kururuwa ba, bai ɗaga hannu kamar yadda ake nunawa a fim ba. Kansa ya ɓullo sau biyu, shi ke nan. Abin da har yau ke hana ni barci shi ne mun ɓata lokaci muna gardamar wanda zai je ya kira manya, domin kowa na tsoron bulala. Da aka tsamo shi, rai ya yi halinsa. Bayan an dawo daga maƙabarta aka zane mu, aka rantsar da mu cewa mu da ruwa har abada. Na cika alkawari. Ƙannenmu kuwa da damina ta zagayo suka koma kududdufin nan.

A nan nake ganin kuskurenmu. Mun ɗauka tunda ƙasarmu ta rairayi ce, ba mu da hulɗa da ruwa mai zurfi. Alhali daga Yuni zuwa Satumba kowane ramin bulo da kowane wurin da masu aikin hanya suka kwashi ƙasa yakan zama tafki, ga kuma dam ɗin Sabke da na Daberam da jama'a ke noma da kamun kifi a bakinsu. Ba mu manta da watan Mayun 2022 ba, lokacin yawon ƙaramar Sallah, da kwalekwale ya kife a Ƙaramar Hukumar Mai'aduwa, mutane fiye da goma suka rasu, akasarinsu yara. Gaskiya ne lodin da ya wuce kima da rashin rigar kariya su ne kan gaba a irin wannan hatsari, kuma iyo ba ya maye gurbinsu. Sai dai yaron da ya san yadda zai kwanta a kan ruwa ya ja numfashi yana da 'yan mintocin da za a iya cim masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a shekarar 2021, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi shan wannan asara.

Za a ce ina muka ga kuɗin gina wurin ninƙaya. A Bangaladash, inda ruwa ke cikin manyan abubuwan da ke kashe ƙananan yara, ba su jira siminti ba. A cikin tafkunan ƙauye suke kafa dandamali da shinge na sandunan gora, a horar da matasan garin, su kuma su koya wa yara iyo na mita 25, da tsayuwa a kan ruwa, da yadda ake miƙa wa wanda ke nutsewa sanda ba tare da an bi shi ciki ba. Mu ma ba baƙin abin ba ne. Wanda ya ga Kabawa a Matan Fada lokacin bikin kamun kifi na Argungu ya san akwai Hausawan da ruwa gidansu ne, kuma masuntan da ke bakin dam-dam ɗinmu ba su rasa abin koyarwa ba, in an nemi Sarkin Ruwa da mutanensa. Malamanmu sukan ambaci umarnin da ake dangantawa ga Sayyidina Umar na a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Duk wanda ya ga hawan Sallar Gani a Daura ya san mun riƙe na doki da kyau. Na farkon ne muka yar. Kuma 'ya'ya mata na cikin lissafi, a ware musu lokaci da mata masu koyarwa, tunda kwalekwale ba ya tambaya kafin ya kife.

A Gurara dai, wani saurayi daga cikin masu iyon ya ji abin da ya gudana tsakanina da ɗana. Ya matso, ya rusuna, ya ce, "Alhaji, ka bar shi. Nan gefen iya ƙugu ne, yashi ne a ƙasa. Can inda ruwan ya yi duhu ne ko mu ba ma zuwa." Na yi jim, sannan na ɗaga kai. Ya kwantar da yaron rigingine, tafin hannunsa a ƙarƙashin bayansa, yana ce masa ya saki jiki, ya dubi sama, ya cika ƙirji da iska. Sau uku yana zabura yana shan ruwa. A na huɗu saurayin ya zare hannu a hankali, yaron bai ma sani ba.

Da suka fito, saurayin ya dube ni yana murmushi. "Saura kai, Alhaji."

Na duba hagu da dama, babu wanda ya san ni sai mai masaukina. Na tuɓe babbar riga da hula na miƙa masa. Ruwan ya fi yadda na zata sanyi, kuma da ya rufe kunnuwana sai rugugin nan ya koma can nesa. Ɗana ne ke ƙirgawa daga kan dutse. Ya ce na kai bakwai kafin in zabura.