Basfar Baba Ta Sake Hawa Titi



Da wuya ka shiga tsohon gida a garuruwanmu ka rasa wani babur jingine a soro ko a bayan ɗaki, an lulluɓe shi da buhu, kaji na kwana a kansa. Wani Honda Benly ne, wani Suzuki, wani roba-roba, wani kuma Basfa. Ƙarshen yawancinsu ɗaya ne: wata rana ɗan gwangwan ya biyo layi da baro, a ɗora babur a sikeli, a biya kuɗin ƙarfe, shi ke nan. Mu 'ya'yan gida ɗaya ne a nan Uke, kan hanyar Abuja zuwa Keffi, kuma mun shafe wata bakwai muna tayar da Basfar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, a tsakar gidanmu. Tun da ta fara fita ake tare mu da tambayoyi, shi ya sa muka ga ya fi kyau mu rubuta a nan, ko wani mai irinta a ajiye zai dakata kafin ya kira mai sikeli.

Sunanta na asali Vespa. Kamfanin Piaggio na ƙasar Italiya ne ya fara ƙera ta a 1946, kuma kalmar a yarensu tana nufin zanzaro, saboda siririn ƙugunta da irin kukan injinta. Bakin Bahaushe ne ya mayar da ita Basfa. Tamu samfurin Super 150 ce, mai ƙananan tayoyi inci 8. Baba ya saye ta a 1975 da ariyas ɗin Udoji, wato ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikata zamanin Janar Yakubu Gowon. Lokacin yana malamin firamare, yankin Keffi yana ƙarƙashin jihar Binuwai-Filato, ba a ma sa hannu kan dokar kafa Abuja ba sai a shekarar da ta biyo. Dattawa sun fi son Basfa saboda dalili mai sauƙi: ba sai ka ɗaga ƙafa ka tsallake tanki ba, injin yana rufe, ga garkuwa a gaba tana tare taɓo. Mutum zai sa babbar riga ya je ɗaurin aure ya dawo ba ɗigon baƙin mai a jikinsa. A kanta aka kai mu makaranta, a kanta aka kai Inna awo, har zuwa lokacin da ƙarfin Baba ya ragu ya jingine ta. Ta yi shekara goma sha tara ba a buga ta ba.

Kafin mu taɓa ko noti ɗaya, sai da muka warware maganar gado, kuma muna roƙon duk mai niyyar irin wannan aiki ya fara daga nan. Babur ɗin mamaci dukiyar magada ce gaba ɗaya, har da mata da ƙananan yara, ko da kuwa ya zama ƙarfe mai tsatsa. Wanda ya zuba kuɗinsa ya gyara ba tare da an yi magana ba, ranar da abu ya yi kyau ranar rigima za ta tashi. Mun zauna gaban Baffa da limamin unguwa, aka yi mata kuɗi, waɗanda suka so kasonsu aka ba su, waɗanda suka yafe aka rubuta, kowa ya sa hannu. Inna ta yafe nata da sharaɗi guda, cewa kada a canza mata launi.

Abu na biyu shi ne neman wanda ya san ta. Yaran da ke garejin babura yanzu sun ƙware a Bajaj Boxer da Jincheng, amma da muka nuna wa wasu hoton injin Basfa sai suka ce mu kai bola. Da tsohuwar zuma ake magani. A Keffi aka kwatanta mana wani dattijo da ya yi shekaru yana gyaran Basfa har aikin ya ƙare a hannunsa, ya koma sayar da fulogi da tib a ɗan teburi. Idonsa ya yi rauni, hannunsa na rawa. Ya yarda zai riƙa zuwa duk Asabar, amma ya ce, "Ni ba zan riƙe sifana ba, 'ya'yana. Ku za ku kwance, ku za ku ɗaura. Nawa baki ne da kunne." Muka ce, "Baba, mun ji mun yarda." Wannan sharaɗin nasa shi ne mafi girman ribar da muka ci a aikin.

Ya fara da sa mu duba lambar da aka buga a jikin bodi. Tamu ta fara da VBC1T, alamar Super 150 ke nan. Wadda ta fara da VLB1T kuwa Sprint ce, mai taya inci 10. Wannan lamba ita ce za ka riƙe in za ka sayi kaya, domin a ido duk Basfa kama suke yi, amma kayansu ba ɗaya ba ne. Daga nan ya sa mu ɗauki hoton kowane sashe da waya kafin mu kwance, kuma kowane rukunin noti da wosha ya shiga gwangwaninsa na madara da rubutu a jiki. Basfa tana da kebur da yawa da ke bi ta cikin bodi: biyu na giya, na kuloci, na totur, na birki, na cok. Dabarar ita ce a ɗaure sabon a jelar tsohon, in ana zaro wannan, wancan na shiga. Wanda ya zare su duka haka kawai zai kwana yana laluben rami.

Fistin ya kafe a cikin silinda, kik ko motsi ba ya yi. Ƙaninmu ya ɗauko guduma, dattijo ya ce ya ajiye. Muka cire kan silinda muka zuba kananzir gauraye da baƙin mai, kullum a ƙara, har kwana tara. A rana ta goma aka ɗora guntun katako a kan fistin aka riƙa bugawa a hankali, sai ga shi ya saki. Sannu ba ta hana zuwa. Da muka raba injin biyu, ya nuna mana wuraren da tsohuwar Basfa ke ciwo. Na farko robobin da ke tare iska da mai a gefen karanshaf. In sun bushe, injin zai riƙa shaƙar iska ta inda bai kamata ba, ya yi zafi, ya ƙone sabon fistin. Na biyu wani ɗan ƙarfe mai ƙafa huɗu da ke zaɓar giya. In bakinsa ya cinye, babur zai riƙa fitar da giya da kansa ana cikin tafiya. Muka canza su duka tare da boris da ringi da faifan kuloci. Kafireta kuwa ta asali ce, Dell'Orto, wanki kawai ta nema da sabuwar allura. Tanki muka zuba masa tsofaffin notuna da kananzir, yara suka yi ta girgizawa suna dariya har tsatsar ta zube.

Kaya sun ba mu wahala, amma ana samu. Wasu mun samo a Kofar Ruwa ta Kano, wasu a Panteka ta Kaduna, wasu kuma daga wata matacciyar Basfa da wani bawan Allah ya ba mu kyauta. Kamfanin Bajaj na Indiya ya yi shekaru yana ƙera Basfa da lasisin Piaggio kafin ya koma yin nasa samfurin a kan wannan zubi, don haka kayan tsohuwar Bajaj da dama suna shiga. Shawararmu ita ce ka tafi kasuwa da tsohon abin a aljihu, ka gwada da idonka.

Bodin Basfa shi ne ƙashin bayanta, domin ba ta da firam na bututu kamar sauran babura. Farantin ƙarfe ne aka matse aka haɗa, shi ke ɗauke da injin da mai tuƙi. Saboda haka tsatsar da ta ci wurin ajiye ƙafa ta wuce maganar kwalliya. Tamu ta huje a wuri biyu. Mai walda ya yanke ruɓaɓɓen wurin ya sa sabon faranti, ba mu yarda a cike ramin da fila a shafe da fenti ba. Fentin kuma da sassafe aka fesa, bayan mun yayyafa ruwa a tsakar gida don ƙura ta kwanta.

A nan ne gida ya rabu biyu. Samarinmu sun ga hotuna a intanet, suna so a yanke gefen bodi, a fasa salansa ta riƙa ƙara, a zagaye ta da fitilu masu launi, a sa mata sifika. Yayyenmu kuma suka ce ko wayar lantarki kada a canza, a bar ta yadda ta fito daga Italiya. Kowa na da hujjarsa. Samari suka ce abin da ba za su yi sha'awar hawa ba, soro zai koma. Manya suka ce in aka yanke ta, to ta wani ce, ta Baba ta tafi. An yi kusan wata guda aiki a tsaye.

Dattijon nan ne ya raba gardamar da tambayoyi biyu da ya ce mu yi wa kowane canji. Shin zai tsare ran wanda ke kai? Shin in jikokinku suka so mayar da ita yadda take, za su iya? Abin da ya ci tambaya ta farko a yi shi ba tare da jayayya ba. Abin da ya faɗi ta biyu a bar shi.

Da wannan ma'auni muka canza wutarta daga bolt 6 zuwa 12, muka cire tsohon kwantak muka sa na zamani wanda ba ya neman saiti kowane lokaci. Fitilar da ta ishi Baba a hanyar 1975 ba za ta ishi kowa ba a titin Abuja zuwa Keffi na yau, inda tirela da motocin haya ke tsere tun daga Mararraba da Masaka. Muka sa fitila mai haske, da sigina, da madubi biyu, da sababbin tayoyi da takalmin birki. Tsohon kwantak da kwayil ɗinsa suna cikin kwali a ɗakin Inna, duk ranar da aka so za a mayar. Samari ma ba su tashi a banza ba. Su suka kai sirdi wurin dukawa a Kano aka rufe shi da jar fata mai ɗinkin hannu, su suka zaɓi zanen dagi da aka yi wa rigar safayar taya. Duk wanda ya gani sai ya tsaya ya shafa.

Abin da muka bari kuwa: launinta na ruwan toka mai haske kamar yadda Inna ta ce, da salansarta mai taushin murya, da kariyar baya da Baba ke ɗaure littattafan ɗalibai. Akwai wata 'yar lotsawa a garkuwar gaba, ta ranar da rago ya tunkuye ta a kasuwa ana jibi Sallah. Mai gyaran bodi ya ɗaga guduma zai fitar, Inna ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Malam, bar min wannan." Aka bi ta da fenti yadda take.

Ranar da aka gama haɗawa, a bugu na huɗu ta tashi. Dattijo ya sa aka yi shiru, ya karkata kunne, ya ce a juya sukurun iska kaɗan, sannan ya ce, "To, ta dawo." Inna ba ta fito ba. Daga baya ƙanwarmu ta gaya mana cewa tana jin ƙarar ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, domin da wannan ƙarar take sanin maigida ya shigo layi.

Ga masu tambayar yadda ake riƙe ta: injinta irin wanda ake haɗa wa mai da fetur ne, kashi biyu cikin ɗari, wato mililita 20 a kowace lita, 100 a lita biyar. A yi amfani da man da aka yi don irin wannan inji, a auna da sirinji ko kwalba mai alama, kada a yi da ka. Wanda ya manta mai sau ɗaya zai iya rasa fistin a tafiya ɗaya. Giyarta huɗu a hannun hagu take, ana matse kuloci a murɗa, birkin baya kuma a ƙafar dama. Sabon ringi yana son tafiya a hankali na 'yan makonni. Ƙananan tayoyinta ba sa son rami ko yashi. A sabunta takardu da lamba, a sa hular kwano, ko da masallaci za a je. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, ita muke aika cefane da zirga-zirgar cikin gari, mota ta huta.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne dattijon. Ilimin da ke kansa babu shi a littafin da muka taɓa gani da Hausa, kuma ya gaya mana rabon da wani yaro ya zo koyo wurinsa har ya manta. A wata bakwai ɗin nan biyu daga cikin 'ya'yanmu sun iya raba injin Basfa su haɗa, kuma yanzu haka suna kwance wata Honda ta maƙwabcinmu, shi yana zaune a tabarma yana ba su umarni. Irinsa suna nan a Keffi da Kano da Zariya da Katsina da Maraɗi, amma kullum raguwa suke yi.

Don haka muna kira ga 'yan ƙungiya: duk mai tsohon babur a gida ya ɗaga buhun ya duba lambarsa, ya tara 'yan uwansa a yi maganar gado, sannan ya nemi tsohon bakanike tun yana da sauran ƙarfi, ya biya shi haƙƙinsa da kyau, ya zaunar da yara kusa da shi. Wanda kuma ya ga lallai sai ya sayar, ya fara sanar da mu a nan kafin ya kira ɗan gwangwan, wataƙila abin da zai tafi a kilo shi ne wani ke nema ido rufe. Muna da ragowar kebur da gasket da abin cire fulawil, aro kyauta ne ga duk ɗan ƙungiya, kuma ƙofarmu a buɗe take kowace Asabar bayan La'asar.

Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, ya ƙara wa waɗanda ke raye lafiya, ya tsare mu a kan hanya. Amin.